Kuɗin Da Ba A San Kasuwarsu Ba



Wata ranar Laraba a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, muna zaune a zauren mahaifinmu bayan la'asar muna bitar karatu, sai wata dattijuwa ta yi sallama, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ce tana da tambaya.

"Allah gafarta Malam, yarona ne da ke Abijan. Shekara huɗu da tafiyarsa ci-rani, ko dala bai taɓa aikowa ba, don shi ma da ƙyar yake ci. To, yau wata biyar ke nan, duk ƙarshen wata sai ya turo mini jika ɗari biyu. Har ya ce in shirya, baɗi zai biya mini kujerar Makka. Shi ne na ce bari in zo in ji, ko ya halatta in tafi da kuɗin."

Malam ya ce, "Baiwar Allah, wace sana'a yake yi?"

Ta ce, "Ya ce aikin kwamfuta ne."

"Me yake sayarwa a cikin kwamfutar, kuma wa yake sayar wa?"

Nan ta sunkuyar da kai. Malam bai tsananta ba. Ya ce mata ba a yanke wa yaro hukunci da zato, domin masu cin halaliyarsu da kwamfuta suna da yawa, amma ita uwa ce, tana da ikon tambaya, ta je ta tambaye shi. Ta yi godiya ta fita. Mu kuwa da muke gefe mun san abin da ya kawo ta: da zuciyarta ta natsu da kuɗin, da ba ta taka rana ta zo zaure ba.

Wannan tambaya tata ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin gidajen da irin waɗannan kuɗi ke shiga ba su da kaɗan a zangunan Abijan, Akara, Kwatano da Lome, kuma daga can suke gangarowa har garuruwanmu.

Asalin abin

Damfarar nan ta girmi intanet. A dokar manyan laifuffuka ta Nijeriya akwai sashe na 419, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara, kuma daga lambar wannan sashe ne sana'ar ta samo sunan da duniya ta san ta da shi. Ta bunƙasa ne a shekarun 1980, sa'ad da farashin man fetur ya faɗi, gwamnati ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, masana'antu suka rufe, aka sallami ma'aikata, darajar naira ta zube. A lokacin da wasiƙar gidan waya ake yi, sai kuma na'urar fakis: a rubuta wa wani attajiri a Turai ko Amurka cewa akwai miliyoyin da suka maƙale a banki, ana neman amintacce da zai taimaka a fitar da su a ba shi kasonsa, amma sai ya fara biyan kuɗin takardu. Mafi shahara a cikin masu wannan aiki shi ne Emmanuel Nwude, wanda tsakanin 1995 da 1998 ya yaudari wani babban jami'in bankin Noroeste na ƙasar Burazil da kwangilar filin jirgin sama na ƙarya a Abuja, har aka yi asarar kimanin dalar Amurka miliyan 242. Kotu ta same shi da laifi a 2005.

Da shagunan intanet suka bazu a farkon shekarun 2000, waɗanda mu a nan muke ce wa sibar, sai sana'ar ta sauko daga hannun manyan ƴan boko masu ofis zuwa hannun yara. Duk mai kuɗin awa guda yana iya buɗe akwatin saƙo a Yahoo ya aika wasiƙa ɗari, kuma daga nan ne sunan ƴan Yahoo ya fito. Nijeriya ta kafa hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003 ƙarƙashin Nuhu Ribadu, ta shiga kai samame, wasu suka tsallaka ƙasashen maƙwabta, inda suka tarar da ƙasa ta jiƙa tana jiran iri. Ƙasashen sefa ba su gama farfaɗowa daga karya darajar kuɗin da aka yi da rabi a Janairun 1994 ba, Kodebuwa kuwa ta faɗa yaƙin basasa a Satumban 2002. Kowace ƙasa ta raɗa wa ƴaƴanta suna: a Kodebuwa brouteurs, wato masu kiwo a gonar wani, a Benin gaymen, a Ghana ƴan sakawa. Mai karatu zai ji kunnensa ya san wannan kalma ta ƙarshe, kuma da gaskiyarsa, domin masu bincike da dama na cewa daga Hausar zango ta fito, wato saka wa. Abin kunya ne a ce wannan ce kalmar da muka ara wa maƙwabta.

Wani abin dubawa kuma: wanda aka damfara, a Legas da Abijan duka, suna ce masa mugu, da nufin wawa. A harshenmu kowa ya san wanda ake kira mugu.

Yadda ake yin ta

Ya kamata iyaye su san yadda aikin yake, don kada kalmar kwamfuta ta rufe musu ido. Mafi yawansa ba ya bukatar wani zurfin ilimin na'ura. Harshe ne da haƙuri da rashin tausayi. Yaro zai buɗe shafi a Facebook ko Instagram da hoton wata mace ko wani sojan Turawa da ya sato, ya nemi wanda kaɗaici ya dama, galibi tsohuwar da mijinta ya rasu ko dattijon da ya yi ritaya, ya yi ta hira da shi wata biyu ko uku, safe da dare, har amana ta ƙullu. Sa'annan sai labari ya canja: an kwantar da uwa a asibiti, kaya sun maƙale a kwastan, ana bukatar kuɗin jirgi. Wanda ya tura sau ɗaya kuwa da wuya ya tsaya, domin tsayawa na nufin ya yarda cewa an mai da shi abin dariya.

Manyansu kuma kamfanoni suke hari. Su kan kutsa cikin akwatin saƙon wani jami'i, su zauna shiru suna karanta wasiƙunsa har su gane lokacin biyan wata kwangila, sai su aika da saƙo da sunansa cewa an sauya lambar asusu. Hukumar FBI ta Amurka ta ce a 2023 kawai an kai mata ƙarar asarar kimanin dala biliyan 2.9 ta wannan hanya, ko da yake masu aikata ta suna warwatse ne a nahiyoyi da yawa.

Mafi muni shi ne wanda ake yi wa yara ƙanana. A yaudari saurayi ya aiko da hoton tsiraicinsa, sa'annan a ce ya biya ko a watsa wa iyayensa da abokansa. A Maris na 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Mishigan ta Amurka ya kashe kansa ƴan sa'o'i bayan an yi masa haka. Waɗanda suka yi masa, wa da ƙane ne daga Legas. Aka miƙa su ga Amurka, a Satumban 2024 kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi, babban yana da shekara 24, ƙaramin 21. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya saboda irin wannan aiki. Duk yaron da ke cewa shi bai taɓa zubar da jinin kowa ba, danna waya kawai yake yi, a ba shi wannan labari.

Ta ina talauci ke shiga

Masu iya magana sun ce talauci ba ya kashe mutum sai dai ya ƙasƙanta shi, kuma a ganinmu ƙasƙancin nan ne ƙofar da shaiɗan ya fi shiga, fiye da yunwar ciki. Mu ɗauki saurayin da ya yi shekara goma sha uku a lakwal, ya ci bak, wataƙila har ya leƙa jami'a. Uban ya sayar da tumaki ya biya masa, uwar ta yi ƙosai ta saya masa littattafai, gida duka ya zuba ido. Ya fito, babu gurbi a gwamnati, kamfani kuwa sai mai hanya. Gona ba ta isa a raba wa ƴaƴa tara ba, kuma hannunsa ya manta da hauya. Kasuwa tana son jari. Sai ya koma fada, shi da ire-irensa, daga shayin farko zuwa na uku, daga hantsi har tsakar dare. Wanda ya san Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya san cewa babu unguwar da ba ta da irin wannan majalisa, kuma ba duka ne zaman banza ba, da yawa suna gadin unguwa suna taimakon juna. Amma saurayi mai shekara ashirin da takwas da har yanzu yake jiran tuwon uwarsa, ba ya iya sayen sabulun wankinsa balle ya yi zancen aure, yana ɗauke da wani ciwo da ba ya faɗa wa kowa.

Alƙaluma sun nuna girman abin. Hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na jimillar ma'aikata da masu neman aiki ba su da aikin yi, a tsakanin ƴan shekara 15 zuwa 24 kuwa abin ya haura rabi. A 2023 aka sauya ma'auni, aka ce duk wanda ya yi aikin awa guda a mako mai aiki ne, sai adadin ya faɗo ƙasa da kashi biyar. Alƙalami ya warkar da abin da tukunya ba ta shaida ba. A 2022 malaman jami'o'in gwamnatin ƙasar suka yi yajin aiki na wata takwas, ɗalibai na zaune a gida da waya a hannu. A Nijar kuma kusan rabin al'umma ba su kai shekara 15 ba, wato ayarin da ke tafe ya fi wanda ya iso yawa.

To, a cikin wannan hali ne sana'ar ke zuwa da tayin da babu wata sana'a da ke yin irinsa. Ba ta neman jari sai waya da kuɗin intanet. Ba ta tambayar ɗan wane ne kai. Abin da take so shi ne Faransanci ko Ingilishi da lokaci mai yawa, kuma waɗannan biyun su ne kaɗai dukiyar da ɗan lakwal marar aiki ya mallaka. Sa'annan ga bambancin kuɗi. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, saboda haka yuro 500 da wata tsohuwa a Faransa za ta turo sun kai sefa dubu 328, alhali mafi ƙarancin albashi a Kodebuwa, bayan ƙarin da aka yi a Janairun 2023, sefa dubu 75 ne. Hirar dare ɗaya ta ba yaro abin da leburan tashar jiragen ruwa zai yi fiye da wata huɗu yana ɗaukar buhu kafin ya gani. Wanda bai fahimci wannan lissafi ba, wa'azinsa ba zai shiga kunnen yaran ba.

Sai dai a nan dole mu tsaya mu faɗi gaskiya, domin idan muka ɗora komai a kan talauci mun zalunci talakawa. Wanda ya fi kowa talauci a cikinmu ba ya wannan aiki. Ba shi da wayar, ba shi da harshen. Dubban samari masu irin wannan hali suna tuƙa kabu-kabu, suna tura kurar ruwa, wasu sun tsallaka Sahara zuwa haƙar zinariya a Jado tun da aka gano ta a 2014, sun zaɓi ƙura da haɗari a kan dukiyar mutane. Manyan da aka kama kuwa ba yunwa ce ta kai su ba. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, yana zaune ne a Dubai yana nuna motoci da agogo ga mabiya fiye da miliyan biyu a Instagram sa'ad da aka kama shi a Yunin 2020. A Nuwamban 2022 wata kotu a Amurka ta ɗaure shi fiye da shekara 11. Obinwanne Okeke har mujallar Forbes ta Afirka ta sa shi cikin matasan ƴan kasuwa abin koyi a 2016, kafin a ɗaure shi shekara 10 a 2021. Talauci ya kan kai yaro bakin rijiya ne, mai tura shi ciki kuwa galibi aboki ne da ya dawo unguwa da mota, ko ubangidan da ya ba shi waya da ɗaki da abinci ya ce a raba riba.

Kuma mu ma muna cikin masu turawar. A Abijan, salon kiɗan kupe-dekale da ya tashi a farkon shekarun 2000 ya mai da watsa kuɗi a gaban jama'a abin alfahari, sunansa ma a bakin ƴan titi yana nufin ka yanka ka gudu. Mu ba mu da wannan kiɗa, amma muna da makamancinsa. Wa ake shimfiɗa wa darduma a sahun gaba ranar ɗaurin aure? Wa ake fara ba wa ƴa? Idan samari biyu suka zo neman aure, ɗaya malamin lakwal mai jiran albashi, ɗayan ba a san sana'arsa ba amma akwatunan lefensa goma sha biyu, gidaje nawa ne za su tsaya bincike? Yaro yana kallon wannan duka. Yana kuma kallon babban da ya wawure dukiyar jama'a ana yi masa kirari, sai ya ce a ransa shi nasa ai ɗan kaɗan ne.

Abin da yaran ba su cika sani ba shi ne yawancinsu lebura ne a gonar wani. A Disamban 2024 EFCC ta kai samame wani bene a unguwar Victoria Island ta Legas ta kama mutum 792, a cikinsu akwai ƴan Sin 148 da ƴan Filifin 40. Bayanin hukumar ya nuna cewa an ɗauki samarin Nijeriya ne a ba su kwamfuta da waya su fara jan hankalin mutane da hira, in kifi ya kama ƙugiya sai baƙin su karɓi ragamar. Ga kuma gidajen horo da ake ta bankaɗowa, inda ake tara yara, wasu ba su gama sakandare ba, ana koya musu yaudara kamar yadda ake koyar da ɗinki.

Hujjar da suke kafawa, da namu laifin

Idan ka zauna da su za ka ji suna cewa bashin mulkin mallaka suke karɓowa, Turawa sun kwashi arzikin kakanninmu. Zaluncin mulkin mallaka gaskiya ne, amma matar da ta yi shekara arba'in tana shara a asibiti ta tara ɗan kuɗin tsufanta ba ita ce ta yi shi ba, kuma kuɗin ba sa zuwa baitulmali, otal da shagon tufafi suke tafiya. Wasu kuma su ce ai dukiyar wanda ba Musulmi ba ce. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san cewa algus da yaudara da ɓoye aibi haramun ne ba tare da an ware addinin wanda aka yi wa ba, kuma malamai sun haɗu a kan cewa tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar wa mai abu abinsa. A nan ne nauyin yake, domin wanda ya damfari mutum ɗari a ƙasa goma da sunan ƙarya, ina zai same su?

Hujjar ma ta rushe da kanta, tun da yanzu namu ake ci. Wane gida ne ba a taɓa kira an ce an ci kyauta, a faɗi lambar sirrin da ta shigo waya ba? Ko saƙon da ke cewa an turo kuɗi bisa kuskure, don Allah a mayar? Ko a sace WhatsApp ɗin wani dattijo mai mutunci a bi abokansa ɗaya bayan ɗaya da roƙon rance? Masu waɗannan kiraye-kiraye da Hausa suke magana, har da sallama da insha Allahu.

Akwai kuma maganar da ta shafe mu kai tsaye, mu da muka tashi a gidajen allo, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Yaran nan suna zuwa wurin masu tsibbu neman laya da rubutun sha don wanda suke yaudara ya kasa yi musu musu, kuma wasu daga cikin masu karɓar kuɗinsu rawani ne a kansu, sunan malam suke amsawa. Wanda ya san abin da yaro zai yi da taimakonsa kuma ya ba shi, abokin tarayya ne a cikin aikin. Haka kwamitin masallacin da zai karɓi buhunan siminti daga hannun saurayin da kowa ke raɗa a kansa, sa'annan a yi masa addu'a da lasifika.

Gwamnatoci sun yi dokoki: Kodebuwa a 2013, Nijeriya a 2015, Nijar a Yulin 2019, Benin kuwa kotunta ta musamman da aka kafa a 2018 ta ɗaure samari masu yawa. A ƙarshen 2024 rundunar Interpol ta ce an kama mutum 1,006 a ƙasashen Afirka 19 cikin wata biyu. Hukunci ya zama dole, amma kurkuku ba ya buɗe masana'anta, kuma yaron da ya fito bayan shekara biyar zai tarar da fadarsu a inda ya bar ta. Masu gaskiya kuma suna biyan bashin da ba su ci ba: ko da PayPal ya shigo Nijeriya, Kamaru da Kodebuwa a 2014, aikawa kawai ya yarda a yi ban da karɓa, sai matashin da ya koyi zane ko rubuta manhaja ya rasa hanyar karɓar ladan guminsa.

Abin da ke hannunmu bai kai na gwamnati ba, amma yana nan. Zakkar da attajiran unguwa ke rabawa jika biyu-biyu ga mutum ɗari, ta ƙare a cefanen kwana ɗaya, da an tattara ta an kafa samari biyar da jarin gyaran waya, walda ko haɗa wutar sola, da baɗi wasunsu sun ɗauki yara. Iyayen mata su sassauta lefe. Kowane uba ya san ubangidan ɗansa da idonsa. A kuma koya wa tsofaffin gida cewa lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ko da mai kiran ya rantse da Alƙur'ani.

Dattijuwar nan ta dawo bayan mako uku. Ta ce ta kira shi, ta yi masa tambayar Malam kamar yadda aka faɗa mata. Ya yi dariya da farko, ya ce, "Inna, ba za ki gane ba." Ta ce masa ya gwada ta. Ya yi shiru mai tsawo, har ta zaci layin ya yanke, sa'annan ya ce, "Inna, so kike in koma kwana a tasha?" Ya kashe wayar.

Ƙarshen wata kuɗin suka sake shigowa. Ta karɓo su, ta ƙulle a tsumma, ta sa a ƙasan akwati, ba ta taɓa ko dala ba. Ta ce hatsin da ya rage musu ba zai kai kaka ba, ga jikoki uku a gabanta. Malam ya sa aka auna mata tiya goma daga rumbun masallaci, ya kuma karɓi lambar yaron, ya ce shi da kansa zai kira shi bayan sallar isha'i.